Baƙo Raɓa: Tarihin Korar Baƙi Tsakanin Gana da Nijeriya, 1957 Zuwa 1985

Gabatarwa

A bakin Bahaushe kalmar "baƙo" kalma ce mai daraja. Shi ya ce baƙonka annabinka, shi ne kuma ya tanadi ɗakin baƙi a zaure, ya ware akushi na musamman domin wanda dare ya yi wa a hanya. Amma Bahaushen nan dai shi ya ce baƙo raɓa ne, wato komai jimawarsa in rana ta ɗaga sai ya gushe. Waɗannan maganganu biyu sun daɗe suna zaune lafiya da juna, domin a zamanin da, shi baƙon ne kan zaɓi ranar tafiyarsa. Abin ya sauya ne sa'ad da aka shata iyakoki, aka buga fasfo, gwamnati ta karɓe ikon cewa wane ɗan ƙasa ne, wane kuma baƙo.

Wannan darasi zai bi diddigin manyan kora guda biyu da suka girgiza Afirka ta Yamma: wadda Gana ta yi a 1969 da wadda Nijeriya ta yi a 1983, tare da abubuwan da suka gabace su da waɗanda suka biyo bayansu. Ya kamata ɗalibin Hausa ya san wannan tarihi, domin Hausawan zango na cikin waɗanda guguwar farko ta kwasa, ƙasar Hausa kuma na cikin wuraren da ta biyu ta taso. Abin da za a lura da shi tun daga farko har ƙarshe shi ne, a kowane karo, rikicin cikin gida ne ya haifi muhawarar baƙi, kuma hukumar da ta koyi korar baƙo ba ta jima ba ta gwada makamin a kan ɗan gida.

Yadda Zango Ya Kafu

Tun kafin Turawa su shata taswira, fatake na fita daga Kano da Katsina da sauran biranen ƙasar Hausa su nufi Gwanja fataucin goro. Sukan ɗauki kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su yi wata da watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu, su sauka a kasuwar Salaga inda goron ƙasar Tonawa, wato Ashanti, ke taruwa. Wurin da ayari ke yada kaya shi ne zango. Da tafiya ta yi tafiya, wasu fataken suka zauna, suka yi aure, suka zama masu masaukin baƙi da dillalai, sai kalmar ta tashi daga ma'anar wurin hutun kwana ɗaya ta koma sunan unguwa mai masallaci da makarantar allo da sarki.

Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, mazauna garin suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da biranen bakin teku. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rayu a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya kuma bar wa Hausa waƙoƙi da rubuce-rubuce masu yawa. Su ma Turawan mulkin mallaka sun ɗebi Hausawa da masu jin Hausa aikin soja da ɗan sanda, har Hausa ta zama harshen bariki a Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin.

Sai kuma koko ya zo. Daga 1911 Gwalkwas ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, gonaki da ramukan zinariya da tashoshin jiragen ruwa suka buɗe baki suna neman hannu. Mosawa suka gangaro daga Volta ta Sama, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. Zabarmawa da Hausawa suka taho ci-rani daga Nijar. Yarabawa daga garuruwa irin su Ogbomosho suka kafa rumfuna a kasuwanni. Ƙidayar jama'a ta 1960 ta nuna cewa cikin mutane kimanin miliyan 6.7 da ke Gana, fiye da dubu 800, wato kusan kashi 12 cikin ɗari, asalinsu daga wata ƙasa ne, mafi yawansu daga Togo da Volta ta Sama da Nijeriya. Da dama daga cikinsu a nan aka haife su, ba su kuma taɓa taka ƙasar da ake danganta su da ita ba.

1957: Gwaji Na Farko

Gana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957 ƙarƙashin Kwame Nkrumah, mutumin da ya fi kowa kiran haɗin kan Afirka. Duk da haka, shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatinsa ta kori mutane, kuma dalilin siyasa ne zalla. A Kumasi, da yawa daga shugabannin zango sun kasance a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan hamayyar ƙasar Ashanti a kan jam'iyyar CPP mai mulki. Fitattu a cikinsu su ne Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan. Gwamnati ta kafa dokar kora, ta ce zamansu a ƙasar ba alheri ba ne ga jama'a, ta kuma haɗa da wani ɗan jarida ɗan Saliyo mai suna Bankole Timothy.

Alhazan biyu suka garzaya kotu suna cewa su haifaffun Gana ne, saboda haka ba a da hurumin korarsu. Maimakon a jira alƙali ya tantance, sai majalisa ta zartar da wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka rufe shari'ar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. 'Yan hamayya, waɗanda Dakta Kofi Busia ke jagoranta, suka yi ta kukan an taka doka. Gwamnati kuwa ta ce sabuwar ƙasa ba za ta zuba ido baƙi su riƙa hura wutar rikici a cikinta ba. Shi kansa Busia bai daɗe ba ya tsere daga ƙasar a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira a Turai.

Ba Gana kaɗai ke da wannan hali a lokacin ba. A 1958 an yi tarzoma a Abijan aka fatattaki ma'aikata 'yan Dahome da Togo. A Disamba 1963 gwamnatin Diori Hamani ta Nijar ta sallami 'yan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, a daidai lokacin da ƙasashen biyu ke taƙaddama a kan tsibirin Lete. Ke nan tun a shekarun farko na 'yanci, sababbin gwamnatoci sun gano cewa ikon kora na cikin mafi sauƙin iko da suka gada.

1969: Wa'adin Mako Biyu

Farashin koko ya faɗi warwas a 1965, bashi ya yi wa Gana katutu, sojoji suka hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966. Matasan da suka gama makaranta suka cika birane ba aikin yi, ƙananan 'yan kasuwa na gida kuma suka fara ƙorafin cewa baƙi sun mamaye rumfuna. A cikin wannan yanayi aka yi zaɓen Agusta 1969, Busia ya zama firaminista. Mutumin da ya yi kukan korar alhazan Kumasi, wanda shi ma ya ɗanɗani zaman baƙunci, shi ne gwamnatinsa ta fitar da umarni ranar 18 ga Nuwamba 1969 cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar.

Hujjar gwamnati a bayyane take. Ta ce ba sabuwar doka ta ƙirƙiro ba, dokar baƙi ta 1963 ce da aka yi sakaci da ita take son a bi. Ta ce baƙi sun tare guraben aiki, suna fitar da kuɗi waje, suna fasa-ƙwaurin lu'ulu'u, suna kuma da hannu a yawan aikata laifi. Jama'a da dama sun yi na'am da wannan magana, musamman masu hangen rumfunan da za a bari. Masu suka kuwa suka ce ta yaya mutumin da kakansa ya zo da ayari, ba a taɓa tambayarsa takarda ba, zai samo fasfo da izinin zama cikin kwana 14? Ofisoshin jakadanci ba su da ma'aikatan da za su iya wannan aiki, kuma bisa dokar ƙasa haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa ba, sai an duba inda aka haifi iyayensa.

Abin da ya biyo baya ya wuce abin da takarda ta faɗa. Tsoro ya shiga zango-zango, har masu takardu suka fara ɗaure kaya. Aka sayar da gidaje da gonakin koko da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Manyan motoci shaƙe da mata da yara suka yi jerin gwano zuwa iyakar Togo da ta Volta ta Sama, wasu suka yi kwanaki a filin Allah suna jiran mota ko jirgin ruwa. Ƙiyasin waɗanda suka fita ya sha bamban, daga dubu 200 har zuwa rabin miliyan, amma ƙidayar 1970 ta nuna cewa yawan baƙi ya sauko daga kashi 12 zuwa ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. 'Yan Nijeriyar da aka koro sun tarar da ƙasarsu tana cikin yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai a Janairu 1970.

Akwai wani abin lura a nan. Wata biyu kacal kafin wannan umarni, ranar 10 ga Satumba 1969, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka amince a Adis Ababa da yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira. Yarjejeniyar ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da duk wanda harin wata ƙasa, ko mamaya, ko babbar tarzoma ta raba da gidansa, ta kuma hana a mai da shi inda ransa ke cikin haɗari. A takarda Afirka ta fi sauran nahiyoyi karamci. A kan hanyar Aflao kuwa labarin daban ne.

Ribar da aka yi tsammani ba ta samu ba. Gonakin koko suka rasa leburori a tsakiyar kaka. A 1970 aka ƙara wata doka da ta keɓe ƙananan sana'o'i da kasuwanci ga 'yan ƙasa, amma waɗanda suka gaji rumfunan ba su gaji jari da hanyoyin saro kaya ba. A Disamba 1971 aka karya darajar sidi da kashi 44 cikin ɗari, ranar 13 ga Janairu 1972 kuma Kanar Acheampong ya kifar da gwamnati. Busia ya sake komawa gudun hijira, ya rasu a Ingila a 1978.

Arzikin Mai da Yaƙin Cadi

Cikin shekara goma reshe ya juye da mujiya. Farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, kuɗi suka malalo Nijeriya, aka shiga gine-ginen hanyoyi da gadoji da tashoshin jiragen ruwa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci malamai fiye da yadda ƙasar ke da su. Gana kuwa tattalin arzikinta ya durƙushe, sai malamai da ma'aikatan jinya da magina da teloli da masu gyaran takalma suka kwararo Legas da Ibadan da Kano da Kaduna. Fari na farkon shekarun 1970 ya riga ya koro dubban mutane daga Nijar da Cadi da Mali. A Mayu 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta bai wa ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

A gabas kuma wuta na ci a Cadi. Nijeriya ta shiga tsakani, ta tara ɓangarorin a Kano cikin Maris 1979, sannan a Legas cikin Agusta, inda aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Gukuni Wadai. Sulhun bai yi ƙarko ba. A Maris 1980 dakarun Gukuni da na Hissen Habre suka gwabza a tsakiyar Njamena har tsawon wata tara, sai da sojojin Libiya suka shigo kafin faɗan ya lafa. Mutane wajen dubu 100 suka tsallaka kogi zuwa Kuseri a Kamaru, wasu suka zarce Maiduguri da sauran garuruwan Borno. Daga ƙarshen 1981 Nijeriya ta jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka a can, amma hakan bai hana Habre kama Njamena a Yuni 1982 ba. A idon hukumomin Legas, duk wanda ya fito daga wannan kusurwa abin zargi ne, ana tsoron ko ɗan aiken Gaddafi ne.

A cikin wannan hazo aka maimaita wasan Kumasi. A Janairu 1980 jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar hamayya ta GNPP, suka kai shi bakin iyaka suka tsallakar da shi Cadi. Gwamnatin NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ce mahaifinsa ɗan Cadi ne, don haka shi baƙo ne. Bambancin wannan da na 1957 shi ne, a nan an bar kotu ta yi aikinta. Babbar kotun Maiduguri ta tabbatar cewa shi ɗan Nijeriya ne, ta soke korar, ta kuma ce a biya shi diyya. Shari'ar ta zama abin karantarwa ga ɗaliban lauya, ta kuma nuna cewa a yankin da iyaka ta ratsa tsakiyar dangi, kusan kowa ana iya laƙaba masa baƙunci idan an so.

Sai rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano cikin Disamba 1980, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun rasa rayukansu. Shugaban ƙungiyar, Muhammadu Marwa, asalinsa daga arewacin Kamaru ne, an ma taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya sake dawowa. Wannan ya isa a ce fitinar daga waje aka shigo da ita, ko da yake mafi yawan waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne. Da rikicin ya sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a Oktoba 1982, kalmar "baƙin haure" ta riga ta zauna daram a bakin 'yan siyasa da jaridu.

1983: Gana-Mas-Go

Daga 1981 kasuwar mai ta fara ja da baya. Man da Nijeriya ke haƙowa ya sauko daga ganga miliyan 2 a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, a Afrilu 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Ga kuma babban zaɓe na tafe a Agusta 1983. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya bar ƙasar kafin ƙarshen wata. Wa'adin mako biyu ne, daidai da na Busia. Daga baya aka ƙara wa masu ƙwarewar sana'a lokaci zuwa ƙarshen Fabrairu.

Hujjojin ma kamar an kwafo su ne daga Akra. Gwamnati ta ce dokar shige da fice ta 1963 take aiwatarwa, yarjejeniyar ECOWAS kuma kwana 90 ta ba da, ba ta ba da izinin zama ko kama aiki ba. Ta ce baƙi na da hannu a fashi da tarzomar addini, kuma kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. Da suka ta yi yawa daga waje, har da ta Fafaroma John Paul na Biyu, sai masu kare matakin suka mai da martani cewa ƙasashen Turai da ke wa'azi su ma suna korar 'yan Afirka kullum. A kan titi kuwa magana ɗaya ce ke yawo: ai su suka fara a 1969. Masu adawa da matakin a cikin gida sun ce an bar jaki ana dukan taiki, domin ba mai gyaran takalmi ne ya karya farashin mai ba, ba kuma malamin firamare ne ya wawure baitulmali ba.

Mutane wajen miliyan biyu suka fita cikin 'yan makonni, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran kuma daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Benin da wasu ƙasashe. Mafi munin abin ya faru ne a hanyar bakin teku. Gwamnatin Jerry Rawlings ta rufe iyakokin Gana na ƙasa tun Satumba 1982 saboda tsoron juyin mulki da fasa-ƙwauri. Ganin haka Togo ta rufe tata, don kada jama'a su taru mata, sai dubban ɗaruruwan mutane suka maƙale a Seme da cikin Benin, ba ruwa ba abinci, har sai da aka buɗe hanya a ƙarshen Janairu. Wasu suka cika tashar Apapa suna turereniyar hawa jiragen ruwa zuwa Tema. An rasa rayuka a turmutsitsi da haɗarin mota da rashin lafiya. Jakar leda mai zanen dara da suka zuba kayansu a ciki ita ce har yau ake kira Gana-mas-go a kasuwanninmu, kuma yawancin masu sayenta ba su san ciwon da ke cikin sunan ba.

Ta ɓangaren arewa motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram. A nan ne aka ga illar rashin bambanta ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira. Ɗan ci-rani yana da gidan komawa ko da babu hatsi a rumbu, amma wanda ya gudo daga Njamena yaƙi ne ya koro shi. A lokacin Nijeriya ba ta da hukumar da za ta tantance wannan, domin sai a 1989 aka kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa.

Gana ta karɓi mutum miliyan ɗaya a shekarar da fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona, alhali jama'arta duka ba su wuce miliyan 12 ba. Abin mamaki, ba a kafa sansanoni na dindindin ba. An yi ta ɗibar mutane daga filin baje kolin Akra zuwa garuruwansu, dangi suka buɗe ƙofa, da yawa suka koma gona. Abin da gwamnatoci suka ɓata, zumunci ne ya gyara shi. Shagari ya ci zaɓen Agusta, amma tattalin arziki bai farfaɗo ba, ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe mulki.

Rufe Iyaka da Yunwar El-Buhari

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilu 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a kuma buɗe su ba sai a Maris 1986, bayan Janar Babangida ya hau mulki. A tsakanin nan, cikin Mayu 1985, aka sake korar baƙi kimanin dubu 700. Wannan ya zo daidai da mummunan farin 1984, lokacin da talakan Nijar ya fi buƙatar hatsin kasuwannin Nijeriya da kuɗin ci-rani. Bahaushe kan raɗa wa kowace yunwa suna don kada a manta da ita, kuma a ƙasar Maraɗi da kewayenta sunan da aka ba wannan shi ne El-Buhari. Suna ɗaya ya adana abin da littafi guda zai faɗa game da yadda hukuncin da aka yanke a Legas ke isa har cikin tukunyar ƙauyen da ke wata ƙasa.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan aukuwa za a ga zubinsu ɗaya ne. Ana kiran baƙo sa'ad da koko ko mai ke tsada, ba a tambayarsa takarda. Idan farashi ya faɗi, zaɓe ya matso, ko yaƙin maƙwabta ya tayar da hankali, sai a tuna da wata tsohuwar doka a ba shi mako biyu. Gaskiya ne kowace ƙasa na da haƙƙin sanin wanda ke cikinta, kuma kukan matashin da ya rasa aiki ba ƙarya ba ne. Sai dai tarihi bai nuna inda kora ta share wannan kuka ba: Busia ya faɗi bayan wata 26, Shagari bayan ƙasa da shekara guda, kuma dukansu matsalar kuɗi na cikin abin da ya kayar da su. Labarin Amadu Baba da na Shugaba Darman kuma ya nuna cewa wuƙar da aka wasa domin baƙo tana iya yankan ɗan gida.

Kwanaki sun ci gaba da juyawa. A 1990 Gana ta buɗe sansanin Buduburam, Nijeriya ta buɗe na Oru, dukansu domin waɗanda yaƙin Laberiya ya koro. Daga 2013 kuma rikicin Boko Haram ya tura 'yan Nijeriya zuwa jihar Diffa a Nijar, da sansanin Minawawo a Kamaru, da yankin Baga Sola a Cadi, sannan daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kora mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan Maraɗi. 'Ya'ya da jikokin waɗanda aka loda a motoci a 1983 su ne suka shimfiɗa musu tabarma. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma a wannan yanki namu babu ƙasar da ba ta taɓa zama mai masauki ba, babu kuma wadda 'ya'yanta ba su taɓa yin sallama a ƙofar wani ba.